Muryar Baba a Rumbuna na Makarfi

Inna ce ta raɗa masa suna rumbu, sunan kuma ya bi shi har yau. A ido ba abin kallo ba ne. Tsohuwar kwamfutar cinya ce mai tsagaggen gilashi, na ɗora ta a kan durowar ɗakina a Makarfi, na haɗa mata faifan ajiya a gefe, da ɗan akwatin intanet mai layin waya a ciki. Wutarta daga sola take zuwa, faranti ɗaya a kan kwanon ɗaki, batir a ƙarƙashin gado. Aikinta ɗaya ne tak: duk hoton da aka ɗauka ko muryar da aka naɗa a wayoyin gidanmu, da zarar wayar ta samu sabis mai ƙarfi, sai kwafinsa ya taho ya kwanta a cikinta.

Haushi ne ya sa na kafa shi, ba wani zurfin ilimi ba. An zare mini waya a kasuwa, da hotunan sunan 'yata ta fari a ciki kaf. Na yi mako ina tsine wa ɓarawon. Abokan aikina a makarantar da nake koyarwa suka ce ai laifina ne, da na biya kamfani ya ajiye mini a abin nan da suke kira gajimare, da ban yi asara ba. Na ce a kai kasuwa. In ɗauki hoton matata ba mayafi in damƙa wa mutumin da ban san fuskarsa ba, a ƙasar da ban san hanyarta ba, sannan in riƙa biyansa duk wata? Gara in haɗa nawa a inda hannuna zai kai, in ya yi mini gardama in kai masa duka.

Ai kuwa ya yi gardamar. Da farko waya tana ganin kwamfutar muddin ina cikin gida, ina fita ƙofa sai su yi kamar ba su taɓa sanin juna ba. Na sha karatu a kan wannan har idona ya yi ja. Da na shawo kansa, sai manhajar ta sabunta kanta ta rushe duk abin da na gina. Da na gyara, sai ɓera ya cinye wayar caji. Can kuma faifan ya cika, dole na kashe wurin da take tara abin da aka goge don in samu sarari. Matata ta ce da safe kwamfutar nake fara gaisarwa kafin ita, kuma ba ƙarya ta yi ba, ina dawowa daga masallaci 'yar koriyar fitilar nan nake fara dubawa. Amma ranar da abin ya zauna daram, na ɗauki hoton wata akuya a bakin titin Hunkuyi, na dawo gida na tarar ta riga ni isowa, wallahi sai da na yi tsalle kamar yaro.

Abin da na fi taƙama da shi kuwa shi ne dabarar wuta. Lokacin marka, in aka jera kwanaki ba rana, batir yakan mutu, kwamfutar ta ɗauke. Sai na saita ta yadda da zarar rana ta fito batir ya farfaɗo, za ta tashi da kanta ta ci gaba da aiki, ba sai na taɓa ta ba. Duk baƙon da ya shigo ɗakina sai na ba shi wannan labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Baba manomin rake ne a ƙauyenmu, cikin Taba ta ƙasar Kudan. Na sayo masa babbar waya mai shafawa, ya yi ta gunaguni wai ƙaramar ta ishe shi, daga baya kuma ba ya rabuwa da ita. Lambobin dillalan rake ne a ciki, da hotunan gona, da na shanun huɗarsa ta kowace kusurwa, da na jikoki. Nasa hotunan 'yan kaɗan ne, su ma yara ne suka ɗauka bai shirya ba. Ranar da na sa masa manhajar muna zaune a tsakar gida, na yi ta zuba bayani. Na ce a ƙauyenmu sabis ɗin kira kawai ake samu, don haka sai ya shiga Hunkuyi ko wani gari wayar za ta aika abin da ta tara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, wa ke gadin abin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ashe dai ba gadi."

Inna tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba ta ce, "Wato rumbu aka kafa mana a gari."

"Rumbu ne, Inna," na ce, ina jin daɗi an samu wanda ya fahimce ni.

Akwai dai bambanci ɗaya, kuma na san shi sarai. Abin da aka zuba a rumbun gaske yana nan, ko da an share ɗaki ƙal. Nawa kuwa bin waya yake yi sau da ƙafa, in ta ƙara ya ƙara, in ta goge ya goge. Ban tsaya warware musu wannan ba, don su Baba ba sa goge komai, ba su ma san inda ake dannawa a goge ba.

Muryar da nake ba da labarinta kuskure ne ya haife ta. Wata rana da hantsi Inna ta karɓi wayar za ta aika wa ƙanwata da ke aure a Ikara saƙon murya, sai ta danna wurin naɗar sauti maimakon wurin saƙo. Ta yi maganarta, ta ajiye wayar a tabarma tana zaton saƙo ya tafi. Wayar kuwa ta ci gaba da naɗa. Suna ɓarar gyaɗa ita da Baba, su biyu kawai a gidan, suna hirarsu irin ta mutanen da suka tsufa tare. Sai da ƙanwata ta zo ganin gida ta gano abin, ta kunna farkonsa, ta kwashe da dariya. Baba ya ce a goge wannan shirmen. Inna ta ce a bar shi, ai ba tuwon kowa yake ci ba. Ni ban taɓa saurara ba. Na ga ya iso rumbu, doguwar murya guda a cikin 'yan gajeru, na kawar da kai. Wane ɗa ne zai kasa kunne ga hirar uwarsa da ubansa?

Baba ya rasu farkon damina, bayan jinyar 'yan kwanaki. Ba zan tsaya a nan ba, don har yanzu in na tsaya ba na iya wucewa. Abin da zan faɗa shi ne, mutumin nan bai taɓa yarda an naɗi muryarsa da saninsa ba. Ba ya saƙon murya, kira yake yi, ya faɗi abin da zai faɗa ya kashe tun kafin ka yi masa sallama. Saboda haka duk duniya wannan hirar ta ɓarar gyaɗa ce kaɗai ta rage da muryarsa a ciki. Inna ta shiga takaba, wayar tana ƙarƙashin matashinta. Matata, wadda ta zauna da ita kwanakin farko, ta ce mini in masu gaisuwa sun watse, Inna takan ja mayafi ta rufe kanta, ta kara wayar a kunne, a hankali yadda ba mai ji.

Da sadakar arba'in ta zo muka kulle gidan Makarfi muka koma ƙauye, ni da matata da yara. Marka ta kama sosai, kwana da kwanaki ba wanda ya ga ƙwayar rana. Na shiga Hunkuyi sayen kayan sadaka, na duba wayata, ta ce ba ta samun rumbu. Ban damu ba, na san batir ne ya mutu.

Washegarin sadaka da sassafe Baffa, ƙanin Baba, ya tara mu a zaure. Mutum ne da ba ya wasa da haƙƙin mamaci. Ko allura ce sai an fito da ita an sa a cikin gado, ba a barin komai a hannun kowa don kunya ko don tausayi. Aka fito da tufafi, da keke, da garma, har da buta. Ya ce saura waya. Ƙanena, wanda zai ci gaba da riƙe gonar, shi ya fi kowa bukatarta saboda lambobin dillalai, kowa ya amince ta faɗa rabonsa. Na so in ce a bar wa Inna, ni in saya masa wata, amma Baffa ya riga ya aika cikin gida, kuma ba a katse Baffa. An ɗan daɗe, sannan ƙanwata ta miƙo wayar ta bakin zaure. Har na yi mamakin yadda Inna ta sake ta ba ko gardama.

Da hantsi ƙanena ya ɗauki ƙanwata a babur ɗin gidan zai mayar da ita Ikara, wayar a aljihunsa. Na shiga ɗakin Inna, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ki yi haƙuri da maganar wayar nan. In ya dawo zan karɓa in kwafe miki abin da ke ciki."

Ta ce, "Ai ba komai a cikinta yanzu. Na sa ƙanwarka ta share."

"Ta share me?"

"Duka. Hotunan matan gida ba sa yawo kasuwa a aljihun namiji. Da wancan ɗin ma." Ba ta faɗi ko mene ne ba, ta dai sunkuyar da kai. "Bai kamata yaro ya ji ba. Lambobin kawai aka bar masa. Tunda yana rumbunka, in ka samu hali ka ɗebo mini."

Hankali kwance ta faɗe shi, kamar wadda ta aike ni ɗebo dawa. Ni kuwa na san halin rumbuna. Sharewar nan tana cikin wayar tana jira. Abu biyu kawai suka rage mata: wayar ta samu sabis, wanda za ta samu da zarar sun hau titi, sannan kwamfutar ta tashi. Suna haɗuwa rumbu zai bi umarni, ya goge duk abin da aka goge, har da muryar Baba. Ba abin da ya tare wannan asarar sai mataccen batir da hadarin da ya rufe sama.

Na ce, "To, Inna," na miƙe. Ina fitowa tsakar gida na ga inuwata a ƙasa.

Kai! Ban taɓa ƙin jinin rana ba irin ran nan. Mata suna ta fito da shanya, ana baza tabarmin da suka yi danshi, kowa bakinsa har kunne. Na ruga bayan makarantar firamare inda sabis ɗin kira ya fi kamawa, na kira wayar Baba. Ta yi ta shiga ba a ɗauka, don tun rasuwar masu ta'aziyya ba su bar layin ya huta ba, har aka kashe mata ƙara. Na kira ƙanwata, tata tana cikin jaka, ita kuma tana bayan babur da goyo. Na kira tsohuwar lambar ƙanena, matarsa ta ɗauka, ashe ya bar mata ita tun da ya samu sabuwa. Na zagi sabis, na zagi babur, na zagi kaina. A Makarfi ba mai makullin gidana, maƙwabcina kuma dattijo ne da ba ya riƙe waya, balle in ce ya haura katanga.

Matata ta ga fuskata ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Ba ni makulli."

Ta kwance shi daga bakin zaninta ta miƙo mini, ba ta ƙara tambaya ba, Allah ya saka mata da alheri.

Na tare ɗan acaɓa a bakin gari. Hanyar ta zama kunu. A fadama babur ya nutse har rabin taya, muka sauka muna turawa, taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya, na bar masa shi. Wani manomi da ya tsaya taya mu ya ce, "Malam, yau dai Allah ya ba mu rana!" Na ce alhamdulillahi da baki, a raina kuwa hadari nake roƙo. Ni ɗan manomi, wanda ya san masarar mutane ta gaji da ruwa, ga ni ina ɗaga kai ina neman baƙin girgije ko da ɗan ƙarami ne ya tsaya a kan Makarfi. Sama kuwa ta wanke tas.

A Hunkuyi na duba waya. Ba ta samun rumbu. Na sauke ajiyar zuciya, batir bai farfaɗo ba tukuna. Motar da na samu tana jiran ta cika, na ce wa direba ya tashi, zan biya sauran kujerun. Ya dubi taɓon da ke jikina da ƙafata ɗaya ba takalmi ya ce, "Mara lafiya gare ka ne?"

Na ce, "Kusan haka."

Duk da haka bawan Allahn nan sai da ya tsaya ɗaukar buhunan wani a hanya. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba.

Mun hango gidajen Makarfi ke nan wayata ta motsa a aljihu. Na ciro, ga alamar kore, ta samu rumbu. Ya tashi da kansa, yadda na koya masa. Na yi ƙoƙarin shiga daga wayar in dakatar da shi, ya ƙi, don ni da hannuna na kulle wannan ƙofar yadda ba ta buɗuwa sai mutum yana cikin gidan, wai tsoron ɓarayin intanet. Fata ɗaya ya rage mini: kwamfutar tsohuwa ce, in ta tashi sai ta daɗe tana duba abin da ke cikinta kafin ta saurari kowa, in ta fara aiki kuma ɗai-ɗai take yi. Kullum wannan nawar nake yi mata faɗa a kai, ranar kuwa addu'a nake ta ƙara.

Na dira daga mota da gudu. Na sha kwanar layinmu, makulli a hannu, sai ga maƙwabcina zaune a dakalin ƙofar gidansa yana shan hantsin da ya daɗe bai gani ba. Dattijo ne sa'an Baba, lokacin rasuwar yana kwance bai samu zuwa ba. Ya dogara sanda ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

"Ya mai takaba? Ya ƙannenka? Ya aka ji da jama'a?"

Ina amsawa ina kallon ƙofata, ga ta nan taku kaɗan. Sai ya saki hannuna ya ɗaga nasa sama ya ce, "Mu yi masa addu'a."

To, ku gaya mini, wa zai ce wa dattijo ya dakata da yi wa ubansa addu'a? Na durƙusa a gabansa na ɗaga hannu, makullin yana tsakiyar tafina. Ya roƙa wa Baba gafara, ya roƙa masa yalwar kabari, ya roƙa wa Inna dangana, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har jikoki. Da farko amin ɗina na gaggawa ne. Can tsakiya muryar tsohon ta karye, ya ce Allah ka san bawan nan naka bai taɓa wuce ƙofata bai ajiye mini rake ba. Ban san da wannan ba sam. Daga nan na daina kallon ƙofa, na bi addu'ar har ya shafa.

Na buɗe gida, na faɗa ɗaki, fitilar akwatin intanet tana ta ƙiftawa. Ban tsaya neman maɓalli ba, na fizge wayar wutarsa har sai da ya faɗo ƙasa. Sannan na zauna a dandaryar siminti na jawo kwamfutar kan cinyata.

Wurin hotunan Baba na fara buɗewa. An riga an share shi, saura 'yan kaɗan a can ƙarshe waɗanda ba a kai gare su ba. Na bi su ɗaya-ɗaya. Shanu ne. Jan sa ta gaba, jan sa ta gefe, farin yana cin harawa. Na Baba ko ɗaya bai tsira ba, da wanda yake dariya a bakin gona, da wanda jikoki suka ɗora masa hular yaro. A lissafina, lokacin da muke durƙushe a ƙofar gida ne suka tafi. Na yi ta juya wannan a raina daga baya, kuma har yau ban ji haushin tsohon nan ba.

Na daɗe kafin in iya buɗe wurin muryoyi. Da na buɗe, suna nan, ba a kai gare su ba, doguwar tana tsakiyarsu. Na danna don in tabbatar ba fanko ba ce. Sai ƙarar tabarma, sai muryar Inna tana cewa, "Ke 'yar nan, kina lafiya, ya mijin naki," sai wani tari daga gefe wanda ko cikin dubu zan gane shi. Na kashe da sauri. Na kifa kai a kan durowa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, lokacin ina ta fama da tabarmi da ruwan baƙi.

Da na natsu na kwafe muryar a memori, na kwafe a wani faifai daban na jefa cikin akwatin takarduna, na sake kwafewa a kwamfutar makaranta washegari. Kafin in mayar da akwatin intanet na sauya wa manhajar hali, yanzu karɓa kawai take yi, ko waya ta goge ita ba ta gogewa. Wajen la'asar ƙanena ya kira. "Yaya, na ga kiranka rututu, lafiya?" Tun daga fadama nake tanadin abin da zan zazzage masa. Da na ji muryarsa, yaron da aka ɗora wa gona da dillalai tun bai gama kukan ubansa ba, sai na ce, "Lafiya lau. Ka gaida mutanen Ikara."

Washegari na shiga kasuwa na sayi ƙaramar rediyo irin mai cin memori, wadda maɓallinta manya ne, ba ta bukatar sabis, ba ta san wani rumbu ba. Na koma ƙauye. Na samu Inna a ɗaki tana jan carbi, na durƙusa, muka gaisa. Ta dubi sababbin silifas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce, "An ce jiya ka fita kamar an koro ka."

Na yi niyyar ɓoyewa, amma ban iya yi wa Inna ƙarya. Na ce, "Inna, rumbun nawa ya yi yoyo. Hotunan Baba sun tafi. Na shanu ne kawai suka rage."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ɗayan fa?"

Na ajiye rediyon a gefen tabarmarta. Na nuna mata inda za ta danna ta kunna, da inda za ta danna ta kashe. Ta sa hannu ta ja ta ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Je ka ci abinci." Shi ke nan godiyar, kuma ta ishe ni.

Abu ɗaya na manta ban nuna mata ba, wurin rage ƙara.

Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida a gindin bango, matata tana tankaɗe, Baffa ya shigo duba buhunan taki da aka jingine a rumfa. Sai muka ji ƙarar ɓawon gyaɗa daga ɗakin Inna, ƙas, ƙas, sai tari. Baffa ya tsaya cak, hannunsa a kan buhu. Matata ta ajiye rariya. Muryar Baba ta cika gidan, yadda take cika shi in ya dawo daga gona, yana mitar wai gyaɗar bana duk fanko ce, wai wanda ya sayar masa da irin sai sun haɗu. Da alama ba a tanka masa ba. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ke, kina ji na kuwa?"

Kafin Innar cikin rediyo ta amsa, ta cikin ɗaki ta riga ta.

"Ina ji, Malam."